Kafin Mu Sa Hannu: Haƙƙin 'Ya'yanmu a Binciken Ciwon Gaɓoɓi



Maganarmu ta yau a kan yaran da ke fama da amosanin gaɓoɓi ce, da kuma abin da ya kamata mu sani idan likitoci suka nemi sa ɗanmu cikin bincike. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka ciwon tsofaffi ne, alhali yana kama yara. Idan gaɓar yaron da bai kai shekara 16 ba ta kumbura har mako 6, ta riƙa sandarewa da safe, to a kai shi asibiti. Sau da yawa akan ce sikila ce ko sanyi, har gaɓar ta lalace. Wani nau'insa ma yana taɓa ido ba tare da yaron ya ji zafi ba.

Wannan ciwo ba shi da yawa kamar zazzaɓin cizon sauro. Asibiti ɗaya ba zai tara yaran da za su isa a gane ko magani yana aiki ba, shi ya sa likitocin ƙasashe suke haɗa kai. A 1996 aka kafa ƙungiyar PRINTO a Italiya domin irin wannan bincike, likitocin Afirka kuma suka kafa tasu mai suna PAFLAR a 2019. Manyan asibitocin koyarwa na garuruwan da muke zaune, irin su Legas da Ibadan da Inugu, nan ne aka fi yin bincike. Saboda haka wata rana ana iya miƙo wa ɗayanmu takarda.

Mun san dalilin da ya sa gabanmu ke faɗuwa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara kimanin 200, kuma 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta, daga baya a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Amma gudun bincike gaba ɗaya shi ma hasara ce, domin sai a yi ta ba 'ya'yanmu magungunan da ba a taɓa auna su a jikin yaran Afirka ba. Abin da ya fi shi ne mu san ƙa'ida.

Ƙa'idar tana nan a rubuce. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da Sanarwar Helsinki a 1964, aka sabunta ta a 2024. Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya a 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ƙarfafa kwamitin ƙasa mai sa ido. Ko daga wace ƙasa kuɗin bincike ya fito, tilas kwamitin ɗa'a na nan gida ya amince, idan kuma gwajin magani ne sai da izinin hukumar NAFDAC. Muna da ikon cewa a nuna mana shaidar amincewar.

Ga abubuwa biyar da za mu riƙe.

Na farko, bayani da harshen da muke ji. Idan takardar da Turanci ko Yarbanci ko Ibo take, mu nemi tafinta, kuma wanda ba ya karatu ya zo da shaida da ya yarda da shi. Mu karɓi kwafi mu kai gida mu yi shawara. Ba a sa hannu a tsaye.

Na biyu, izini na uba ne ko uwa ko mai riƙon yaro na halal. Masu bincike sukan fara gaida Sarki ko shugabannin ƙungiya, wannan ladabi ne mai kyau, amma yardar Sarki ba ta maye yardar iyaye. Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu da gidajenmu ke cike da 'ya'yan riƙo da ɗaliban da iyayensu ke Arewa. A nemo iyayen tukuna. Shi ma yaron, in ya yi wayo, a tambaye shi, kuma a girmama ƙin yardarsa.

Na uku, mu tambayi irin binciken. Wani rajista ce kawai, a rubuta yadda ciwon ke tafiya. Wani kuwa gwajin sabon magani ne. A wannan ciwo akwai tsarin da ake fara ba dukkan yara maganin, sannan a raba waɗanda suka samu sauƙi ta hanyar ƙuri'a, wasu su ci gaba, wasu a ba su abin da babu magani a ciki, in ciwon ya tashi a mayar da su kan maganin. Sai mu tambaya: in ya tashi da dare, wa za mu kira? In maganin ya yi illa, wa zai biya jinya? In an gama, yaron zai ci gaba da samunsa?

Na huɗu, jini da bayanan yaro. In za a fitar da jini waje, akwai yarjejeniya a rubuce tsakanin asibitocin. Mu ji inda za a kai shi, da tsawon ajiyarsa, da ko za a cire sunan yaron. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta tanadi izinin iyaye a kan bayanan yara.

Na biyar, ƙi da janyewa. Wanda ya ƙi, ko ya janye daga baya, ba a rage wa ɗansa kulawar da aka saba ba shi. In muna shirin tafiya gida na watanni, mu faɗa tun farko, domin yanke irin wannan magani kwatsam yana da haɗari. Kuɗin mota da ake bayarwa kuwa ba sayen yarda ba ne.

'Yan'uwa, babu inda waɗannan ƙa'idoji suka bambanta ɗan ƙasa da baƙo, kuma ba a tambayar takardar asalin jiha kafin su yi aiki. Muna ba da shawara ƙungiya ta ware mutum biyu masu karatu, mace da namiji, da za su riƙa raka iyaye asibiti idan irin wannan ta taso.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.