Tabar Wiwi da Maganin Ciwon Daji: Abin da Aka Gani a Jikin Ɓeraye

 

Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba likita ba. Na zaɓi wannan batu ne saboda maganar da ke yawo cewa wai Turawa sun gano wiwi na warkar da ciwon daji, har ana sayar wa majinyata mansa. Na bi rahotannin masu bincike, ga abin da na taras.

A cikin sinadaran wiwi, biyu aka fi nazari a kansu. Akwai THC, mai sa maye, wanda Raphael Mechoulam da abokin aikinsa suka ware a Isra'ila a 1964, akwai kuma CBD, wanda ba ya bugarwa. Su ake haɗawa da magungunan kashe ƙwayoyin daji, waɗanda a asibiti ake kira kemo, a ga me zai faru da dabbar gwaji.

Labarin daɗi tukuna. A 2011, masu bincike a Jami'ar Complutense ta Madrid, a Sifaniya, sun dasa wa ɓeraye dajin ƙwaƙwalwa na ɗan Adam, suka ba su THC tare da wani kemo mai suna temozolomide. Haɗin ya danne ƙarin fiye da yadda kowanne ya yi shi kaɗai, har da ƙarin da ya daina jin kemo. A 2018 kuma Marco Falasca da jama'arsa, a Landan da Ostareliya, sun gwada CBD da gemcitabine a kan ɓeraye masu dajin wata gaɓar ciki da ake kira fankiriyas. Waɗanda ba a ba komai ba sun rayu kimanin kwana 20, masu kemo kaɗai kimanin 28, masu haɗin biyu suka haura 50. Jaridu sun yi ta cewa ninki uku ne a kan kemo. Malaminmu na lissafi yana nan, ya duba mana 28 da 50.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. Ɓerayen Madrid ɗin nan ba su da cikakkiyar garkuwar jiki. Da gangan ake zaɓen irinsu, don ɓera mai lafiya jikinsa ba zai karɓi ƙwayar ɗan Adam ba. Alhali kuwa THC yana raunana garkuwar jiki. A 2005, a Amurka, an ba shi ɓeraye masu garkuwa da ke da wani nau'in dajin nono, sai ƙarin ya ƙara girma, ya kuma ƙara bazuwa, domin an kashe wa jiki ƙarfin yaƙarsa. Ke nan gwajin Madrid ba zai iya nuna wannan ɓarna ba, tun da abin da za a ɓata ɗin babu shi. A ganina wannan shi ne babban abin lura, don majinyacinmu da garkuwarsa yake yaƙi, ga shi kemo ya riga ya taɓa ta.

Inda shaida ta fi ƙarfi shi ne rage wahalar kemo. Ɓera ba ya amai, saboda haka Linda Parker da abokan aikinta a Kanada suka koma kan jaɓa, dangin wadda muke kora daga ɗaka. Sun ba ta cisplatin, mai tayar da zuciya ƙwarai. THC ya rage aman. CBD kaɗan ya rage shi, amma da aka ba da mai yawa sai ya ƙara shi. Sinadari ɗaya, awo ne kawai ya bambanta. Amurka ta amince da ƙwayoyin THC na kamfani don aman kemo tun 1985.

Mutane fa? A 2021 aka buga sakamakon wani gwaji a Ingila da Jamus, na majinyata 21 masu dajin ƙwaƙwalwa. Bayan shekara guda, kashi 83 cikin ɗari na waɗanda aka ba feshin THC da CBD tare da temozolomide suna raye, a ɗaya ɓangaren kashi 44. Abin ƙarfafa gwiwa ne, amma mutum 21 ko aji ɗaya na makarantarmu ba su cika ba, shi ya sa aka shirya gwaji mafi girma.

Ɓeran gwaji sinadari tatacce ake ba shi, an auna shi daidai da nauyinsa. Kwalbar da ake tallatawa kuwa ba a san awonta ba, kuma wiwi haramtacce ne a dokar Nijeriya. Sannan CBD yana rage aikin sinadaran hanta masu narkar da magunguna, ciki har da wasu na kemo, wanda hakan kan iya sa magani ya taru a jini fiye da yadda likita ya ƙiyasta. Roƙona, duk mai jinyar ɗan'uwa da ke karɓar kemo, in har majinyacin na shan wani abu na wiwi, a gaya wa likita kafin ƙarin ruwa na gaba.