Ƙiba da Numfashinmu: Jawabin Ranar Bikin Ƙungiya

 

Yau ba maganar adashi ko farashin albasa muka zo da ita ba. Maganar numfashi ce. Da yawanmu masu jiki, in muka ɗauko kaya daga bakin mota zuwa rumfa sai mun tsaya muna haki, a ce ai girma ne ya zo. Sau da yawa ba shekaru ba ne, kitse ne ya matse huhu.

Ga yadda abin yake. Tsakanin ƙirji da ciki akwai wata tsoka shimfiɗaɗɗiya. Duk lokacin da muka ja iska, sai ta yi ƙasa don huhu ya samu wurin buɗewa. In kitse ya cika ciki, sai ya tokare ta. Kamar dai buhun shinkafar Wurno ne aka jingina bayan ƙofa: za ta buɗu, amma ba duka ba. Shi ya sa hakin ya fi tsanani in mace ta duƙa ko ta kwanta rigingine.

Da dare kuma kitsen wuya yana matse hanyar iska. Sai minshari mai ƙarfi, numfashi ya ɗauke na ɗan lokaci, mutum ya farka a firgice. Gari ya waye da ciwon kai, a wuni ana gyangyaɗi gaban kaya. Wanga abu yana haddasa hawan jini. Asma ma ta fi kama mata masu ƙiba, kuma ta fi wuyar lafawa a jikinsu. To, ku ɗora hayaƙin itace na madafa da ƙurar hunturu a kan huhun da dama a matse yake.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana da ƙiba mai yawa. Amma mu nan akwai abin da ke ƙara mana: maganin ƙiba, irin su "sha ka fashe", da ake ɗirka wa amare. Wasu ƙwayoyin, kamar Dexamethasone, suna tara kitse a ciki da fuska, su tayar da suga da hawan jini. Don Allah mu bar saye ba da takardar likita ba.

Me za mu yi? Tun da yaƙi da jahilci ya koya mana karanta lamba, mu ari tef ɗin tela. A auna tsakiyar jiki, wajen saitin cibiya. In ya wuce santimita 88, wato kusan inci 35, ga macen da ba ta da juna biyu, to a tashi tsaye. Ba sai an rame ba. Mai kilo 90 in ta sauke 5 zuwa 9, za ta ji sauƙin numfashi. A rage lemon kwalba, sukarin shayi da soye-soye. A rage malmalar tuwo, a ƙara zogale, rama da wake. A taka da ƙafa rabin awa, ko da zagayen tsakar gida ne. A yi girki inda iska ke shiga. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai dai ba kowane haki ne ƙiba ba. Ciwon zuciya da ƙarancin jini ma suna kawo shi. Wadda ƙafarta ke kumbura, ko take haki tana zaune, ko tari ya wuce mata mako 2, ta tafi asibiti. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Maigida da yara, ku ne ke jin minsharin. Kar ku mai da shi abin dariya, ku faɗa mata cikin mutunci, ku raka ta.

Shawararmu ga shugabanni: a sayi tef da sikeli ɗaya daga asusun ƙungiya, mu riƙa aunawa ranar zubi.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya kai mu baɗi.