Musafahar Wi-Fi da Yadda Ake Bambanta Saƙonninta Huɗu

Duk wayar da za ta shiga Wi-Fi mai kalmar sirri, ko a sakatariyar Wara ne ko a wata makaranta a Yelwa, sai ta yi musafaha da na'urar da ke raba intanet. Musafahar nan saƙonni huɗu ce, kamar yadda ƙa'idar WPA2 ta 2004 ta tanada. Ita kalmar sirrin ba ta bin iska. Kowane ɓangare yana tabbatar wa ɗan'uwansa ne cewa ya san ta.

Ma'aikacin da ya buɗe Wireshark, watau manhajar binciken saƙonni da Gerald Combs ya soma a 1998, ya rubuta eapol a gurbin tacewa, zai ga an sa wa kowane saƙo lamba. To, amma lambar nan ba ta cikin saƙon. Manhajar ce ke kintata ta daga alamomin ciki, mai kintace kuwa yakan kuskure.

Na ɗaya da na uku ba su da wuya, domin daga na'urar suke fitowa, kowanne da alamar neman amsa. Na ɗaya ba shi da hatimin tabbatarwa da ake kira MIC. Na uku yana da shi, har da umarnin a ɗora mabuɗi. Wannan na ukun ne Mathy Vanhoef na Jami'ar Leuven ya nuna a 2017 cewa maimaita shi na iya sa waya ta sake ɗora mabuɗin da ta riga ta yi aiki da shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne na biyu da na huɗu. Duka daga wayar suke, duka da hatimi, ba mai neman amsa. Sai a duba kayan da suka ɗauko: na biyu yana tafe da sabuwar lambar da wayar ta ƙirƙira da bayanin irin tsaron da ta zaɓa, na huɗu kuwa galibi hannu rabbana yake zuwa. In shakka ta rage, akwai lambar ƙidaya: ta na biyu daidai take da ta na ɗaya, ta na huɗu da ta na uku.

Bambancin nan ba ƙarami ba ne. Idan na ɗaya da na biyu suna ta maimaituwa, na uku bai zo ba, mafi yawa kalmar sirrin da aka shigar ce ba daidai ba. Wanda ya ɗauki na biyu a matsayin na huɗu zai zaci musafaha ta kammala, ya rubuta wa ofis a sayi sabuwar na'ura alhali tsohuwar lafiyarta ƙalau.