Dajin da ke ƙarƙashin ƙasa: jawabi ga matasan birni



Idan aka ce noma ba tare da guba ba, wasunmu sai su ɗauka wani sabon yayi ne daga Turai. To, ku je karkarar Agye ko Matamai ku ga gonaki cike da gawo. Manoman da suka raya su ba a lakkwal suka koya ba.

A farkon shekarun 1980, gonakin Maradi sun zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi. A 1983 Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya mai aikin dashen itace, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa duk shekara suna da rai, saiwarsu na nan. Manoma suka fara barin rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, suna aske sauran. Shi ne sassaben zamani. Yau ana ƙiyasta kusan hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo haka, da itatuwa wajen miliyan 200.

Ƙa'idar ɗaya ce: ka ciyar da ƙasa, ita za ta ciyar da hatsi. Gawo yana kaɗe ganye da damina, don haka ba ya tare wa hatsi rana. Da rani dabbobi su ci ƴaƴansa, su kwanta inuwarsa, su bar taki. Wake idan an haɗa shi da hatsi yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. A jahar Tawa kuwa, ana haƙa tassa a kan fako, a zuba taki cikin tafin hannu, gara ta huda ƙasar, ruwa ya shige.

To mu ƴan birni, ina namu? Itacen da ake dafa tuwonmu daga ina yake fitowa? Manomi ya yi shekaru yana renon itace, dare ɗaya a sare a kawo mana kasuwa. Wallahi idan muka yi shiru, da hannunmu a ciki.

Tun 2020 akwai dokar da ta amince wa manomi da haƙƙin itacen da ya raya a gonarsa. Manoma nawa suka san da ita? Wannan aikinmu ne. Bana kafin sassabe, kowa ya koma garinsu, ya zauna da iyayensa, ya bayyana musu ita da Hausa. Kuma ka saurare su, don sun fi ka sanin gonar.

Allah ya ba mu damina mai albarka.