Hawan Jini, Ƙafar Tsoho da Lissafinsa



Kowace kasuwa tana da irin dattijon nan da ya shekara talatin yana awon hatsi, lissafinsa a ka yake, Naira ce ko Sefa. Sai a wayi gari yana ba mutum canji sau biyu, takunsa ya gajarta, yana jan ƙafa kamar mai tafiya a taɓo. Mu kuwa sai mu ce tsufa ne. Tsufa gaskiya ne, amma sau da yawa ana ɗora masa laifin da ba nasa ba. Mai laifin hawan jini ne da ya daɗe ba a auna ba.

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai jijiyoyin jini sirara kamar silin gashi. Idan jini ya yi shekaru yana bugun su da ƙarfi, bangonsu yakan yi kauri, hanyar ta ƙuntace, abin da suke shayarwa ya soma ƙishi. Abin da suke shayarwa kuwa shi ne hanyoyin da saƙo ke bi daga kai zuwa ƙafa, da kuma daga wani sashe na tunani zuwa wani. Wannan ne dalilin da ya sa tafiya da tunani kan raunana tare. Tsoho zai iya kiran sunayen jikokinsa duka, ya ba ku labarin yunwar 1973 daki-daki, amma haɗa kuɗin tiya bakwai ya gagare shi. Juyawa ta zama aiki, faɗuwa ta yawaita, fitsari ya riƙa matsa masa. Duk wannan ba tare da ciwon kai ko wata alama mai tayar da hankali ba. Kuma abin da ya riga ya lalace ba kasafai yake dawowa ba, magani tare sauran yake yi.

Don haka a auna. Idan an sami 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku biyu daban-daban, hawan jini ne. Mu mutanen bakin iyaka akwai abin da ke rikita mu: a Jibiya ko Illela za a ce maka 160 bisa 100, a Maraɗi ko Ƙwanni a ce 16 da 10. Awo ɗaya ne, sifili kawai aka cire. Kada ƙanƙantar lambar ta sa ku zaci jinin ya sauka.

Haka ma maganin. Ƙwaya ɗaya takan zo da suna daban a kowane ɓangare na iyaka, sai tsoho ya haɗa biyun yana tsammanin magani biyu ne. Ku riƙa tafiya da kwalin, ku nuna wa ma'aikacin lafiya. Kuma jin sauƙi ba dalilin dainawa ba ne, maganin ne ya kawo sauƙin. Ƙwayoyin ciwon gwiwa da ake saye a hannun masu talla, irin su diclofenac da ibuprofen, suna ɗaga jini, suna kuma wahalar da ƙoda. A ganina babu abin da ke ɓata mana aiki kamar su.

Iyayena mata, tukunya a hannunku take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin mutum a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. A cikin lissafin har da dunƙulen miya da kanwa. A rage wa gida duka, kada a ware tsoho da miyar lami shi kaɗai, ba zai jure ba.

Wani maganin yakan sa jiri idan an miƙe farat ɗaya, musamman da asuba ko lokacin zafi. Baba ya zauna a bakin gado tukuna, ya ɗan jinkirta, sannan ya tashi. Idan jirin ya ci gaba, a koma a gyara masa maganin. Kuma kada tsoron faɗuwa ya sa ku zaunar da shi. Zuwa masallaci da ƙafa, zama a rumfa, ciniki da hira, duk suna riƙe ƙafa da tunani. Ku ba shi sanda da ɗan rakiya.

Abu ɗaya ne ba ya jira: idan baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe nan take, shanyewar ɓarin jiki ce ke ƙwanƙwasa ƙofa. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, domin yana iya shaƙewa. A yi addu'a a cikin mota, a nufi asibiti mafi kusa, ko ta wane ɓangaren iyaka yake.

Na'urar awo tana nan a teburinmu har la'asar. Masu shekara sittin zuwa sama su fara matsowa.