Jawabi ga Hakimai da Malamansu a kan Maganin Gyambo

Wannan jawabi a kan gyambo ne, watau mikin da ya ƙi warkewa. A ƙasar Taura, inda talakawa ke wuni cikin fadama da gonakin shinkafa, sartse ko kaushi kan zama miki, mikin ya hana magidanci noman damina guda.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne gyambo iri-iri ne, kama da wane kuwa ba ta wane.

Na farko shi ne wanda ƙwayoyin cuta ke haddasawa a ƙwauri, mai wari da saurin ci. Maganinsa fenisilin ko metronidazol, tare da wanki da ɗauri mai tsabta.

Na biyu shi ne gyambon Buruli, wanda ƙwayarsa dangin ta kuturta da tarin fuka ce, ba shi kuwa da zafi da fari. A dā sai fiɗa. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi masa magani har da allura, yanzu kuwa rifamfisin da kilaritromaisin ake sha mako 8.

Na uku ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, garkuwar jiki ce ke cin fatar mai ita. Bakinsa shuɗi-shuɗi ne, da raɗaɗi ƙwarai, in an kankare shi sai ya ƙara faɗi. Likita kan ba da firednisolon ko siklosiforin. A wani gwaji da aka yi a Birtaniya, aka buga a 2015, kowannensu ya warkar da kusan rabin majiyyata cikin wata 6.

Akwai kuma na masu ciwon sukari, da sikila, da kuturta, wanda ba ya jin magani sai an kula da tushen ciwon.

To, ga kashedi. Firednisolon da ke kwantar da na uku, shi ne ke rura na farko, ya kuma ta da sukari. Saboda haka kada kowa ya saye shi a kemis ba da izinin likita ba. Kada a zuba wa miki toka ko ƙasa. Gyambon da ya shekara da shekaru yana iya rikiɗa ya zama daji, har a yanke ƙafa.

Ana roƙon hakimai su umurci dagatai da masu unguwanni su tura duk mai mikin da ya wuce wata guda zuwa ɗakin magani, ko Babban Asibitin Ringim, daga can in ta kama a wuce Dutse ko Kano. Malamai su rubuta sunayen waɗanda aka tura, a riƙa bincikawa ko sun shanye maganin. Haza wasalam.