Ƙofar Gidan Jakada



A shekara ta 1959 aka gama ginin ofishin jakadancin Amurka a Akra, shekara biyu bayan Ghana ta sami mulkin kai. Wanda ya zana shi, Harry Weese, ya ɗora shi bisa dogayen ginshiƙai, iska tana ratsawa ta ƙarƙashi, tagoginsa kuwa na katako ne. Ya ce fadar Sarkin Wa, a arewacin ƙasar, ita ce ta ba shi fasalin ginshiƙan. Gini ba shi da baki, amma wannan yana faɗa wa mai wucewa: mun zo da girmamawa, ka shigo.

Sai ga ranar 7 ga Agusta, 1998. Aka tayar da bam a ofisoshin Amurka na Nairobi da Darussalam, mutum fiye da 200 suka mutu, yawancinsu 'yan Afirka. Daga nan sabbin ofisoshin suka ja da baya daga bakin hanya, suka shige bayan katanga. Na Akra ma aka sāke masa wuri a 2007.

Ba mu ga laifinsu ba. Mu ma mun binne namu, mun tayar da katanga kewaye da majami'u, ran Lahadi samarinmu suna duba jakar kowa a bakin ƙofa. Makiyayin da bai kula da ran tumakinsa ba zai ba da lissafi.

Amma Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa, sura 5, ya kira mu jakadun Almasihu, saƙon da aka danƙa mana kuwa na sulhu ne. Ba a aiko jakada domin ya tsare gini ba, an aiko shi wurin mutanen garin. To, maƙwabcin da ya tsaya a ƙofarmu da rigar da ba irin tamu ba, wace fuska yake tararwa? Sau da yawa, kafin ya ji wa'azin fasto, ya riga ya ji na mai gadi, ya juya ya tafi.

Bari mu yi addu'a yanzu domin samarin da za su tsaya a ƙofa Lahadi mai zuwa, Ubangiji ya kiyaye ransu, ya kuma sa gaisuwa a bakinsu kafin bincike.